Layi Ɗaya a Shafi na Uku

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe 5:40 na yamma

Malam Jan Biro, mai koya mana rubutun waiwaye, ya ce duk ɗalibin da yake son sanin inda ya dosa a rayuwar aiki ya riƙa rubuta abin da ya same shi kullum. Littafin da nake kai masa yana dubawa daban yake. Wannan nawa ne, ba mai sa masa maki.

Yau aka yi taron haɗa 'yan ajin ƙarshe da masu ɗaukar aiki. Labarina ne ya zo na ɗaya a ajinmu, don haka aka ce in tashi in karanta shi a babban zaure, gaban mutum kusan ɗari biyu. Labarin wata ɗaliba ce a ɗakin gwajin jini na asibiti, wadda ta manna sunan mara lafiyar gado na shida a kwalbar gado na tara, na tara kuma a kwalbar na shida. Wata tsohuwar ma'aikaciya ta gano kafin sakamako ya fita, ta sa aka sake ɗibar jini, ta kuma rufa wa yarinyar asiri. An tafa sosai. Wata mata a layin gaba har da share ido.

Ɗalibar ni ce, ba sai an faɗa ba. Wata shida na yi ina koyon aiki a ɗakin gwajin nan, kuma can aka yi mini alkawarin gurbi in na gama. Ƙarshen watan nan za a sa hannu a takardar. Shugaban ɗakin yana zaune a layi na biyu, kuma shi bai tafa ba. Da aka tashi ya tare ni a bakin ƙofa.

Ya ce, "Labari mai kyau. Tabarau ɗin nan da aka ɗaure da koren zare, a ina kika gan shi?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙirƙira ce kawai."

Ya ce, "To. A ba ni kwafi ɗaya."

Na ba shi da hannuna.

Talata, 4, ƙarfe 7:15 na safe

Rediyo, abokiyar ɗakina, tun da ta buɗe ido take kirana Marubuciya. Wai ta fara ajiye takardun da nake zubarwa a kwando, wata rana za su yi daraja. Na yi dariya, amma na bar shayin ya huce.

Malam yakan ce, "Waiwaye adon tafiya. Ku canza suna, amma kada ku canza abin da idonku ya gani. Mai ɗaukar aiki ba ya neman wanda bai taɓa kuskure ba, yana neman wanda ya san abin da kuskuren ya koya masa." Ni kuwa ga biyayya. Na canza wa Anti, tsohuwar ma'aikaciyar nan, suna, na kira ta Uwar Ɗaki. Sannan na bar mata tabarau ɗinta mai karyayyen hannu da koren zare, na bar mata yadda take ɗaga kwalba sama ta kalli haske, na bar mata ɗingishin ƙafar hagu. Sunan kaɗai na ɗauke, kamar wanda ya ɓoye raƙumi ya bar wuyan a waje.

A duk asibitin mace ɗaya ce mai koren zare.

Laraba, 5, ƙarfe 1:00 na rana

An ce an kira Anti ofis.

Alhamis, 6, ƙarfe 4:20 na yamma

Dogo, ɗan ajinmu da yake koyon aiki a can yanzu, ya same ni a ƙarƙashin bishiyar bayan ɗakin karatu. Bai ko zauna ba.

Ya ce, "Ke, kin san abin da kika haddasa kuwa? Shugaba ya buɗe rajistar wata bakwai baya. Ya ga ranar da aka sake ɗibar jinin gado shida da tara, ga sa hannun Anti. Ya buɗe jan littafin rahoto, babu komai a ranar."

Jan littafi shi ne inda ake rubuta duk kuskuren da aka yi a ɗakin, ko an kama shi ko ba a kama ba. Doka ce, ranar farko ake nuna wa mutum inda yake.

Na ce, "Ai ba wanda ya cutu."

Ya ce, "Ba wannan ake tuhumarta ba. Ana tuhumarta da ɓoye kuskure, da kuma hana ɗaliba kai rahoto. Maganar nan da kika sa a bakinta a shafi na uku, ita ya ja wa layi."

An ɗauke ta daga bencin gwaji an kai ta sito, tana ƙirga safar hannu da auduga, har kwamiti ya zauna ranar ashirin da biyar. In suka same ta da laifi, sallama ce. Shekara talatin da ɗaya tana aikin, saura biyu ta yi ritaya.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ni na ja, wata yake duka.

Asabar, 8, ƙarfe 6:00 na yamma

Na zo gida. Baba ya tashi daga kan kekensa na ɗinki ya ce, "Uwata, rufe ido." Da na buɗe, farar rigar aiki ce. Ya yi sati uku yana ɗinka ta tsakanin aikin mutane. Ya sa mata aljihu uku, na sama ya raba shi gida biyu don biro da abin gwada zafi. Ya ce ya tsaya a ƙofar asibiti da gangan yana kallon na likitoci, ya ga duk ɗinkinsu na ganin dama ne.

Umma ta ce, "Ai ka bari ta shigo ta sha ruwa. Duk layin nan ba wanda bai ga rigar nan ba, har mai gyaran famfo sai da ya yaba."

Na sa. Ta zauna daidai, Baba ba ya kuskuren awo. Na yi godiya, na yi murmushi, na ci abinci. Ban faɗa musu komai ba.

Litinin, 10, ƙarfe 11:30 na safe

Na je wurin Malam. Ofishinsa cike da littattafanmu, an jera su aji aji har kan kujerar baƙi, sai da ya kwashe na zauna. Ya riga ya ji. Fuskarsa ta nuna shi ma bai samu sukuni ba.

Ya ce, "Laifina ne. Ni na ce a karanta a zaure, ban tambaye ki daga ina labarin ya fito ba. Zan rubuta musu cewa darasin ƙirƙira ne, ba shaida ba ce."

Na ce, "Malam, sun ga ranar a rajista."

Ya juya jan biron nan a hannu. Can ya ce, "To, duk abin da ke ciki haka ya faru?"

Na ce, "Kusan."

Ya dube ni ta saman takardun. Na ce ina da lacca, na fito. Ba ni da lacca ranar Litinin da safe, kuma shi ya fi kowa sani.

Talata, 11, ƙarfe 6:50 na safe

Rigar tana rataye a bayan ƙofa. Rediyo ta ce tsoro take ba ta, kamar mutum tsaye.

Alhamis, 13, ƙarfe 3:10 na rana

Aikin aji na yau: rubuta halayenki uku da za ki faɗa a intabiyu, kowanne da misali daga rayuwarki. Kowa ya duƙufa. Wadda ke kusa da ni ta cika shafi biyu a kan haƙuri. Na rubuta "kula da ƙananan abubuwa", na soke. Na rubuta "gaskiya", na zauna ina kallonta har aka karɓi takardu.

Ga abin da nake gaya wa kaina. Ba ni na kai ƙara ba. Ba a kira ni kwamiti ba, ɗaliba ce ni, a wurinsu ni aka zalunta. Shugaba ma ya aiko Dogo ya ce kada in damu, gurbina yana nan, wai yaran da suke faɗin gaskiya irina ake nema. Anti babba ce, ta san mutane, za ta fita. In na yi shiru kwana goma sha biyu, shi ke nan.

Na karanta wannan sau uku. Rubutun ya yi tsari, saura in yarda da shi.

Juma'a, 14, ƙarfe 5:00 na yamma

Na je har ƙofar asibiti. Na sayi ruwa wurin mai shago, na sha, na dawo.

Litinin, 17, ƙarfe 8:05 na safe

Ba ta kira ni ba. Tana da lambata. Da za ta kira ta zage ni da na ji sauƙi.

Talata, 18, ƙarfe 6:30 na yamma

Na shiga yau.

Siton yana ƙarshen baranda, bayan ɗakin wanki. Babu taga, sai fitila ɗaya mai rawa. Tana zaune a kan kwali da takarda a cinya. Abu na farko da na gani, ta cire koren zaren. Ta manne hannun tabarau ɗin da farar filasta.

Na gaishe ta. Ta amsa kamar kullum, ta tambayi Umma, ta tambayi jarrabawa.

Na ce, "Anti, ina zaren?"

Ta ce, "Mutane suka dame ni. Har daga ɗakin haihuwa ake zuwa leƙena, a ga matar cikin labari. Zauna mana, 'yar nan, kwalin ba ya cizo."

Na zauna. Na shirya magana tun daga hanya, duk ta gudu.

Ta ce, "Na karanta. Hannunki yana da daɗi, wallahi. Matar nan ta cikin labarin ta fi ni kirki. Ni da na san haka nake da daɗin baki, da ban tsufa a benci ba."

Na ce, "Me kika gaya musu?"

"Na ce a jira kwamiti."

"Me ya sa ba ki faɗa musu yadda aka yi ba?"

Ta cire tabarau ta goge da gefen riga. Ta ce, "In faɗa wa? Mutum ɗari biyu sun ji daga bakinki, an buga a takarda. In na buɗe baki za a ce tsohuwa ta ga ruwa ya kai mata wuya tana neman ta taka yarinya. Kuma ni ma da nawa. Na ba ki umarni, ban buɗe littafin na duba ba. Shekara talatin ina duba bayan kowa, ranar nan na ga yadda kika tsorata na ji kunyar in bi ki." Ta mayar da tabarau. "Kin tuna dai abin da na ce miki?"

Na ce na tuna.

Ta ce, "To, ya isa. Ba zan ci gurbinki da bakina ba. Tashi ki tafi, kada a gan ki a nan a ce ina koya miki shaida."

A bakin ƙofa na juya. Ta riga ta koma ƙirgarta, tana motsa leɓe.

Laraba, 19, ƙarfe 7:00 na safe

Kwana goma sha shida ina zagaya wannan. Bari in rubuta, ai littafina ne.

Ranar da abin ya faru, bayan an sake ɗibar jinin, Anti ta miƙo mini biro. Abin da ta ce shi ne: "Je ki rubuta a jan littafi kafin ki tashi. Ba kisa ba ne, kowa ya taɓa shiga cikinsa."

Na je. Littafin yana kan teburin da ke gaban ofishin Shugaba, ƙofar kuma a buɗe take. Na tsaya, na yi kamar ina neman wani abu a aljihu, na wuce. Washegari na ce gobe. Ta tambaye ni sau ɗaya, na ɗaga kai.

A rubutuna na farko haka na sa, yadda ta faɗa. Malam ya dawo mini da shi, ya rubuta da jan biro a gefe: "Nan ne zuciyar labarin, amma ban ji komai ba. Ki sa mai karatu ya ji." Ba ƙarya ya ce in yi ba, na sani. Amma na zauna na duba, na ga in na bar maganarta, dole layi na gaba ya zama abin da ni na yi a gaban teburin nan. Sai na goge. Na sa Uwar Ɗaki ta dafa kafaɗar yarinya ta ce, "Wannan ya tsaya tsakanina da ke, kada kowa ya ji."

Wurin da matar layin gaba ta share ido ke nan. A lokacin har ina ganin kyauta na yi wa Anti, na mai da ita uwa. Duk abin da yake gaskiya a labarin shi ya nuna ta, ƙarya ɗaya da na ƙara ita za ta kore ta.

Rubutun farkon yana nan cikin jakata, da jan biron Malam da kwanan wata a kai.

Laraba, ƙarfe 2:00 na rana

Rediyo ta ga fuskata ta daina surutu da kanta, karo na farko a shekara huɗu. Na ba ta takardun biyu ta karanta. Ta daɗe.

Ta ce, "Ƙawata, in kika kai wannan, gurbin ya tafi."

Na ce na sani.

"In ba ki kai ba?"

Na karɓi takardun na mayar jaka. Ta ce, "To ci wani abu dai tukuna. Ba a yanke shawara da yunwa."

Asabar, 22, ƙarfe 5:45 na yamma

Na gaya wa Baba a shago. Na zaɓi lokacin da yake kan keke don kada ya dube ni. Bai daina ɗinki ba har na kai ƙarshe. Ya kai bakin ƙyallen, ya yanke zare da haƙori.

Ya ce, "Matar tana da iyali?"

Na ce jikoki biyu ne a hannunta.

Ya ce, "Kuma tana zaune a sito, ta san ke kika yi, ba ta faɗa ba."

Na ce e.

Ya daɗe yana shafa ƙyallen. Na ga ransa ya ɓaci, ba ya ɓoyuwa, wuyansa ne yake nunawa. Ina jiran faɗa. Sai ya ce, "Duk layin nan na gaya wa kin samu aiki."

Na ce, "Ka yi haƙuri, Baba."

Ya ce, "Bakina ne, ni zan san yadda zan yi da shi. Uwata, ɗinki in ya karkace farke shi ake yi, ko da an kusa gamawa. Ni dai ban san wata dabara ba." Ya sa wani ƙyalle a ƙarƙashin allura. "Rigar ba ta ruɓewa. Ki bar ni da ummanki."

Litinin, 24, ƙarfe 10:00 na safe

Na kai wa Malam rubutun farko ya gani. Ya karanta jan rubutunsa ya rufe ido. Ya ce zai raka ni. 

Talata, 25, ƙarfe 6:10 na yamma

Mutum biyar a dogon tebur, Anti ita kaɗai a gefe. Ba a gayyace ni ba, sai da Malam ya yi magana da sakatare aka bar mu muka shiga.

Na karanta musu shafi na uku na rubutun farko, sannan na rubutu na biyu. Muryar da ta cika zaure ran nan yau da ƙyar ta kai ƙarshen tebur. Ba wanda ya tafa. Wata likita ta tambaye ni me ya sa na canza. Na ce don labarin ya yi daɗi. Ta ci gaba da kallona. Na ce don kada a gan ni a ciki.

Shugaba ya ce, "Kin san ba zan iya sa hannu a takardarki ba."

Na ce, "Na sani, ranka ya daɗe."

"Kuskuren kwalba ba shi ne ba. Wata bakwai littafin nan yana jiran ki."

An fitar da mu, aka dawo da mu bayan minti arba'in. Anti ta samu takardar gargaɗi saboda ba ta duba ba, gobe za ta koma benci. Sunana an cire daga gurbin. An ce ina iya nema baɗi tare da kowa, kuma wannan zai kasance a fayil ɗina. Na yi tsammanin zan ji sauƙi. Ban ji ba tukuna, tsoron ne dai ya canza wuri, ya koma kan baɗi da fuskar Umma.

Ina shirin fita Anti ta ce, "Ina za ki? Ba ki gama ba."

Ta ja ni har gaban ofishin Shugaba. Jan littafin yana inda yake. Ta buɗe shafin yau ta miƙo biro. Na fara: "A wata ranar Laraba da safe, lokacin da ɗakin ya cika..."

Ta ce, "A'a, Marubuciya. Nan ba a yin ado. Rana, lokaci, abin da ya faru, abin da aka yi, sa hannu."

Na soke, na sa hannu a gefen sokewar kamar yadda ta koya mini. Layi huɗu suka ɗauke duka. A na huɗun na rubuta cewa an umarce ni in kai rahoto a ranar, ban kai ba.

Na ajiye biro zan rufe littafin, ta dafe shafin da hannu. Ta gyara tabarau mai filasta, ta sunkuya, ta bi layukan da yatsa ɗaya bayan ɗaya har ƙasa. Sannan ta sa hannu ƙarƙashin nawa.

Ta ce, "Yau kam na duba."